Handawut, littafin waje ko buɗaɗɗen littafi: me malami zai ba 'yan aji ɗaya?

Duk farkon zango sai mun yi wannan rigimar a sashenmu, wane littafi za a ce ɗalibai su nema. Bana ma abin ya fi zafi, don an zauna mitin tun bayan azahar har aka kira la'asar ba a tsayar da magana ba, wani dattijo cikinmu yana cewa handawut ɗinsa ya yaye ɗalibai sama da shekara ashirin kuma babu wanda ya mutu, wani matashi da bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba yana cewa ai duniya ta wuce nan, komai yanzu kyauta ne a intanet. Ni kuma aka ɗora min aikin in je in duba in kawo rahoto, kun san in ka cika surutu a mitin kai ake maƙala wa kwamiti. To abin da na gano ne nake so in baje a nan, ko zai yi wa wani lakcara amfani, a jami'a yake ko kwalejin ilimi ko foliteknik, don matsalar iri ɗaya ce daga Sakkwato har Maiduguri. Ni bayoloji nake koyarwa, don haka misalaina za su fi karkata can, a yi min afuwa.

Kafin komai akwai abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Abin da ka samu kyauta daban, abin da mai shi ya buɗe maka daban. PDF ɗin nan da ke yawo a gurup ɗin WhatsApp na 'yan aji, wanda wani ya sauko da shi daga Library Genesis ko Z-Library, shafukan da ake sauke littattafan sata, kyauta ne, eh, amma mai shi bai yafe ba. Shi kuwa abin da ake kira OER, wato buɗaɗɗun kayan karatu, mai shi ne da kansa ya rubuta a jiki cewa ka kwafa, ka ajiye, ka gyara, ka haɗa da wani, ka raba wa wanda ka ga dama. Sunan ya samo asali ne a wani taron UNESCO a Faris a 2002, lokacin da jami'ar MIT ta Amurka ta fara zuba kayan kwasa-kwasanta a intanet, kuma a 2019 ƙasashen UNESCO suka amince da shawara a kai baki ɗaya. Mu ma nan Najeriya an fitar da manufar OER ta manyan makarantu tun 2017 a ƙarƙashin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. Wallahi a mitin ɗinmu mutum biyu ne kawai suka taɓa jin labarinta.

Yadda za ka gane buɗaɗɗe shi ne lasisin Creative Commons, CC a taƙaice, yawanci yana shafin farko ko na biyu, 'yan haruffa ne. BY na nufin ka ambaci sunan mai shi. SA na nufin in ka gyara ka fitar, naka ma ka sake shi da irin wannan lasisin. NC na nufin ban da ciniki. ND na nufin ka raba yadda yake amma kada ka gyara ka fitar. A wurinmu NC da ND su ne abin lura. In littafi na ɗauke da NC ka buga ka ɗora riba ka ce kilas ref ya tara maka kuɗi, ka karya sharaɗi, magana ta ƙare. In kuma ND ne to ba damar ka fassara zuwa Hausa ko ka cusa misalanka ka raba, kusan ma ba shi da amfani ga malamin da ke son ya daidaita abu da ajinsa.

To mu fara da handawut, kuma ba zan zage shi kamar yadda 'yan zamani ke yi ba, don ni ma da shi na yi digiri. Yana da abin da sauran ba su da shi. Gajere ne, shafi talatin ko arba'in, ɗalibi zai iya cinye shi a dare uku. Abin da ke ciki shi ne zai fito a jarrabawa tunda mai rubutawa shi ne mai saitawa. Ba ruwansa da caji ko data ko Nepa, ko fitilar ƙwai ce ta isa. Sannan malamin da ya daɗe a aji ya san inda yaranmu ke tuntuɓe da Turanci, ya san yaron da ya fito daga sakandaren gwamnati ta ƙauye ba zai gane wata doguwar jimla ba, sai ya sassauta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa babu mai duba handawut. Kuskuren da malami ya yi a shekarar farko shi zai ta maimaitawa har ya yi ritaya, na taɓa ganin wanda har yanzu yake sa naman gwari da sauran fungai a cikin tsirrai, abin da aka daina tun kafin a haifi ɗaliban. Yawanci kuma tsintar kaji ne daga littattafan wasu ba tare da an ambace su ba, sai mu zo muna yi wa ɗalibi faɗa a kan satar rubutu a furojet, alhali a wurinmu ya gani. Mafi muni shi ne inda ake rubuta sunan wanda ya saya. Makarantu da yawa sun hana sayar da handawut, sai ya sauya riga, aka yi masa bango mai sheƙi aka kira shi littafi, kuɗin ya ninka, abin cikin bai canja ba. Kowa ya san wannan, a mitin ne kawai ba a faɗa.

Sai littafin waje, irin manyan nan masu nauyin bulo. Ingancinsu ba musu, hotuna masu kala, tambayoyi a ƙarshen kowane babi, an tace an sake tacewa. Matsalar dala ce. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, da aka saki naira ta yi iyo, a farkon 2024 ta haura 1,500, ga cire tallafin mai da ya zo a lokaci guda. Uban da ke fama da kuɗin rajista da na haya da garin kwaki ba zai sayi littafin dala ɗari ba, kai ni malamin ma ba zan iya ba. Laburarenmu na da kwafi uku na wani tsohon bugu, ajin kuma ya haura mutum ɗari biyar. Don haka in ka rubuta sunan littafin waje a allo, abin da kake cewa a fakaice shi ne ku je ku nemo na sata ko ku yi fotokwafi. Kuma za su nemo. Sai dai abin ba shi da tabbas, a Nuwamban 2022 hukumomin Amurka sun kwace adireshin Z-Library, yau shafi na nan gobe babu, wani bugun da wannan ya samu daban da na wancan, ka ce a buɗe shafi na 212 kowa ya ga abu daban. Sannan ba za ka iya ɗora shi a shafin makaranta ba, ga sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a Maris 2023. Ɗalibi zai iya ɓoyewa a wayarsa, sashe ba zai iya ba.

Yanzu mu zo kan wanda na fi ɓata lokaci a kai, OpenStax. Wannan shirin buɗaɗɗun littattafai ne na jami'ar Rice da ke Houston a jihar Texas, sun fara fitar da littattafai a 2012, kuma sun yi dabara, sun nufi manyan kwasa-kwasan shekarar farko inda ɗalibai suka fi yawa, fiziks, kemistiri, bayoloji, kalkulas, ƙididdiga, tattalin arziki, ilimin sassan jikin ɗan Adam. Malamai ne suka rubuta, an biya su, wasu malaman suka duba, kamar dai yadda kamfanin ɗab'i ke yi. Kana iya karantawa a shafinsu ko ka sauke PDF ɗin gaba ɗaya ba ko sisi, malami kuma in ya yi rajista aka tabbatar malami ne yana samun silaid da amsoshin tambayoyi. Na ɗauki na bayoloji na ajiye gefe da kundin CCMAS, wato sabon tsarin manhaja da NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya maye gurbin BMAS, na bi BIO 101 layi-layi, tsarin ƙwayar halitta, gado, rabe-raben halittu, alaƙar halittu da muhalli, babu abin da na nema na rasa. Abokina na kemistiri ya yi haka da CHM 101, shi ma haka. Ƙwayar zarra dai ɗaya ce a Houston da Gusau.

Inda gizo ke saƙa shi ne girma. Littafin bayolojin babi 47 ne, shafi sama da dubu. Ka tura wa yaron aji ɗaya wannan ka ce ya karanta, ai ka kore shi ne, zai buɗe ya ga adadin shafi ya rufe ya koma neman fas kwescin. Fayil ɗin ma nauyi ne, wasu sun haura megabait 100, ƙaramar wayar da WhatsApp da hotunan biki suka cika ba za ta ɗauka ba, in ta ɗauka ma karatun PDF mai faɗi a ɗan gilashin waya azaba ce, ka ja hagu ka ja dama. In kuma an ce a buga a bizines santa, to yi lissafi da kanka, ko nawa ake buga shafi ɗaya a bakin get ɗinku ninka shi sau dubu, ka ga kyautar ta zama tsada. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya tura link kawai ya ce ya rungumi OER bai yi komai ba. Aikin shi ne ka zauna ka zaɓo babi goma ko sha biyu da ke cikin kwas ɗinka, ka yanke, ka rage nauyin hotuna, ka jera su mako-mako. Lasisin ya ba ka wannan damar, amma ka duba na kowane littafi, na kalkulas misali yana da NC da SA.

Abu na biyu, misalan na Amurkawa ne. A fiziks da lissafi wannan bai dame ni ba. A bayoloji ya fara damuna, don za ka karanta babin muhalli kaf ba ka ga gawo ba, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, wadda kowane manomi a Katsina ya san amfanin yin shuka a gindinta. Ba za ka ga wuta-wuta da ke cinye dawa da gero ba, ba za ka ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru ba, tsargiya da yaran da ke wanka a kududdufi ke fama da ita in an ambace ta ma a layi biyu ne. Waɗannan ni zan ƙara, kuma na ƙara, shafi ɗaya ko biyu a bayan kowane babi. Amma in ka matsa zuwa tattalin arziki sai ka ga babin kuɗi duk a kan babban bankin Amurka yake, akanta kuma bisa ƙa'idojin Amurka aka gina shi alhali Najeriya ta koma ƙa'idojin akanta na duniya, wato IFRS, tun 2012. Na gwamnati da na tarihi kuwa kada ma ka wahalar da kanka, nasu ne zalla.

A nan ne NOUN ke shigowa, buɗaɗɗiyar jami'ar nan ta ƙasa. Shagari ya kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002, kuma namu Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tunda ɗalibanta ba sa zama aji kullum, dole kowane kwas a rubuta masa cikakken littafi, kuma waɗannan littattafan suna shafinsu kowa na iya saukewa. Gaskiya in za a faɗa, wannan shi ne abin da malamai da ɗaliban arewa suka fi amfani da shi ko da ba su san sunan OER ba, ka binciki handawut da yawa za ka ga NOUN ce aka cire wa bango. Amfaninsa a fili yake, 'yan Najeriya ne suka rubuta don manhajar Najeriya, lambobin kwas ɗin ma kusan irin namu ne, an yanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki da manufarsa da tambayoyin gwada kai, kusan duk rubutu ne ba hotuna masu nauyi ba don haka fayil ɗin bai da girma, kuma ya taɓo fannonin da OpenStax ba ta san da su ba, dokokin Najeriya, mulkin ƙananan hukumomi, Larabci, nazarin addinin Musulunci, kwasa-kwasan gama-gari na GST irin su al'ummu da al'adun Najeriya.

Sai dai ingancin ba ɗaya ba ne, sam. Wani ka karanta ka ji daɗi ka san gwani ne ya zauna, wani kuma ka ga alamar an yi sauri ne a cika wa'adi, kuskuren bugu, zane dishi-dishi, wasu an rubuta su tun shekarun farko na farfaɗowar ba a sabunta ba. A kimiyya musamman, zanen ƙwayar halitta baƙi da fari da aka kwafo aka sake kwafowa ba zai kama ƙafar na OpenStax ba. Kuma ka duba shafin haƙƙin mallaka kafin ka taɓa, don wasu na ɗauke da lasisin Creative Commons, wasu kuma musamman tsofaffin an rubuta duk haƙƙi na jami'ar ne. Irin wannan ka tura ɗalibi ya sauke da kansa ba laifi, amma ka kwashe ka sa sunanka, ka san me ka yi.

Bidiyo kuwa ba zan daɗe a kai ba. MIT na da kwas sama da 2,500 a shafinta, 'yan lissafi sun san laccocin Gilbert Strang, 'yan injiniya kuma sun fi son NPTEL na Indiya wanda manyan cibiyoyin fasaharsu suka fara a 2003, don tsarin karatunsu ya fi kama da namu, allo da alli da dogon lissafi. Duk suna da kyau ga malami ya gyara nasa ilimin, da kuma ɗalibin da ke da himma. Amma tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba na iya tsayawa gaban aji in ce kallon lacca arba'in na awa ɗaiɗai wajibi ne. Wanda na ga ya yi aiki sosai shi ne PhET na jami'ar Colorado, ƙananan gwaje-gwaje ne na kwaikwayo da ake saukewa a yi amfani da su ba intanet, a makarantar da ɗakin gwaji ya zama sito yaro ya haɗa wayar lantarki a gilashin waya ya ga ƙwai ya kama, ya fi a zana masa a allo. Ba ya maye gurbin taɓa abu da hannu, amma da babu gara ba daɗi.

'Yan kwalejin ilimi ku kuna da naku na musamman da da yawanku ba ku waiwaya ba, TESSA, wanda buɗaɗɗiyar jami'ar Ingila ta fara a 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, cikinsu har da NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna. An yi shi ne don malamin firamare mai aji cunkus ba kayan aiki, yadda zai koyar da lissafi da duwatsu da murafen kwalba, kuma akwai shi da Turanci da Faransanci da Larabci da Swahili, don haka 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma na iya ɗauka. Ga mai koyar da dabarun koyarwa ban ga abin da ya fi shi dacewa da ajinmu ba. Akwai kuma African Storybook mai ƙananan labaran yara har da na Hausa, ga masu PES, wato nazarin ilimin firamare.

Saura hanya ta ƙarshe, wadda ta fi wahala, malami ko sashe su rubuta nasu su sake shi a buɗe. A wasu fannonin ma babu zaɓi. Ɗauki sashen Hausa, littattafan da ake dogaro da su da yawa tsofaffin bugu ne na Zariya da Ibadan da ba a samu a kasuwa, kwafi ɗaya ne a hannun wani farfesa ana ta fotokwafin fotokwafi har baƙaƙe masu lanƙwasa sun shafe, kuma ba za ka ce don sun tsufa sun zama na kowa ba, a dokarmu sai shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wanda ya rasu a 1981 sai bayan 2051 ke nan. Babu wani Bature a Texas da zai zo ya rubuta mana nahawun Hausa ko tarihin Daular Usmaniyya ko noman rani a Kadawa ya ba mu kyauta. 'Yan Larabci su suna da Shamila, rumbun littattafan Larabci, a kwamfuta suna ganin sun tsira, to matanin malaman da suka rasu ƙarnoni da suka wuce na kowa ne, amma tahaƙiƙin zamani da ke kansa yana da mai shi, wannan wata maganar ce.

Me ya hana mu rubutawa? Kuɗi da ƙarin girma, kada mu yaudari juna. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, wanda aka riƙe wa albashi bayan yajin aikin wata takwas na 2022, ka zo ka ce ya saki abin da yake samun na cefane da shi, dole ya kalle ka sheƙeƙe. Kuma kwamitin ƙarin girma takardun mujalla yake ƙirgawa, ka shekara kana rubuta littafin aji ɗaya mai kyau ka sa a intanet kyauta, makin da za a ba ka bai kai na takarda ɗaya da mutum biyar suka haɗa suna a kai ba. A ƙasashen da abin ya kankama ba wa'azi aka yi wa malamai ba, lardin British Columbia na Kanada a 2012 gwamnati ce ta zuba kuɗi aka samar da buɗaɗɗun littattafai na kwasa-kwasan da suka fi yawan ɗalibai, wata kwaleji a Virginia kuma, Tidewater, a 2013 ta fito da shirin karatun kasuwanci na shekara biyu da ɗalibi zai gama bai sayi littafi ko ɗaya ba. Mu ma TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na da kason tallafin wallafa littattafai. A ganina duk littafin da aka buga da wannan kuɗin, tunda na jama'a ne, kamata ya yi a sa masa buɗaɗɗen lasisi a ɗora PDF ɗinsa, maimakon a buga 'yan kwafi a yi bikin ƙaddamarwa su ƙare a kabad ɗin ofis. Kuma ga dama ta samu, CCMAS ta tsara kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta, to wannan kashi 30 ɗin ba shi da littafi a ko'ina a duniya sai mun rubuta. Kashi 70 ɗin kuma iri ɗaya ne a ABU da BUK da UDUS da Unimaid, ban ga dalilin da zai sa malamai ashirin a jami'o'i ashirin kowa ya zauna yana rubuta BIO 101 nasa shi kaɗai ba.

To in kai ne za ka zaɓa gobe, ga yadda zan ce. In kwas ɗinka na kimiyya ne ko lissafi na aji ɗaya da biyu, ɗauki OpenStax ka yanke ka ƙara misalan gida, in wani babi bai yi maka ba leƙa LibreTexts, wani shafin buɗaɗɗun littattafai, kada ka ɓata ƙarfinka wajen sake ƙirƙiro abin da aka riga aka yi da kyau. In na GST ne ko shari'a ko mulki ko ilimi ko addini, fara da NOUN amma ka karanta shi tas da jan biro a hannu kafin ka miƙa, ka gyara abin da ya tsufa a aji. In kana aji uku da huɗu a fannin da ya zurfafa, kamar likitanci ko wasu sassan injiniya, gaskiya buɗaɗɗun ba su kai can sosai ba tukuna, littafin waje na nan da muhimmancinsa, sai dai a matsa wa laburare ta sayi sabon bugu ta kuma gaya wa mutane in tana da rajistar Research4Life, shirin da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallu da littattafan bincike, don sau da yawa makaranta na da damar shiga amma fasuwod ɗin na aljihun mutum ɗaya. In kuwa fanninka namu ne na gida, harshe, tarihi, adabi, noman yankinmu, to handawut ɗin nan naka shi ne jarin, ka tsabtace shi, ka ambaci inda ka ɗebo, ka ba abokan aiki biyu su duba, ka sa masa CC BY-SA. Na fi son SA ɗin saboda duk wanda ya ɗauka ya gyara dole ya ambace ka kuma ya bar nasa a buɗe, ba zai rufe ya ce nasa ne shi kaɗai ba. Wanda kuma ke tsoron a yi kasuwanci da guminsa ya ƙara NC, ya dai san hakan na hana a haɗa shi da wasu kayan, Wikipedia misali ba ta karɓar mai NC.

Yadda za a raba ma abin dubawa ne, don na ga an gina shafi mai kyau an ɗora komai, sai sabar ta mutu wata uku ba wanda ya kula. Abin da ya yi mana aiki ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Kowane mako fayil ɗaya ƙarami, na tura wa kilas ref, shi ya sa a gurup, waɗanda ba su da data su karɓa ta Xender a bakin aji. Na kai kwafi ɗaya bizines santa biyu na ce duk mai so a buga masa a kuɗin takarda, ni ba ruwana da ko kwabo, kuma ba na son sanin wa ya buga wa bai buga ba. Matan aure da ke cikin ajin da masu zuwa daga gari kullum su suka fi bugawa, wata ta ce min wayar gidan ɗaya ce kuma da daddare mai gidan ke riƙe da ita.

A mitin na gaba na kai rahotona, aka amince BIO 101 da 102 su koma babi-babin da na yanko, kemistiri suka ce za su gwada zango ɗaya su gani. Dattijon nan ya ce shi kwas ɗinsa na aji uku ba mai taɓa masa, aka ce to Baba an bar maka. Bayan an tashi ya tsayar da ni a baranda ya ce, kai yaro, wannan zanen rabuwar ƙwayar halitta mai kala da ka nuna, za a iya cire shi a sa a nawa? Na ce ranka ya daɗe za a iya, sharaɗin kawai a rubuta inda aka ɗauko a ƙasansa. Ya ce in turo masa ta WhatsApp, amma in rage nauyin don wayarsa ta cika.